Mai Rediyo da Labari Na Tara

Mahaifina bai taɓa dukan rediyo ba. Na san ba da irin wannan ake fara ba da labarin mutum ba, amma duk wanda ya taɓa zama da talabijin mai taurin kai ya san yadda hannu yake ƙaiƙayi idan hoto ya fara rawa. Shekara arba'in da 'yan kai yana gyaran kayan wuta a shago ɗaya, tsakanin shagon tela da na mai sayar da fenti, kuma ko sau ɗaya ban ga ya ɗaga hannu ya mari wani abu mai waya a ciki ba. Mu 'ya'yansa dai mun sha rankwashi. Rediyo kuwa sai lallashi.

Mai Rediyo ake ce masa har yau, ko da yake an kwana biyu rabon da wani ya kawo masa rediyo. Yanzu fanka ce, da dutsen guga, da butar lantarki, sai talabijin jefi-jefi. Shagon ƙarami ne, in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a ƙofa. Teburin aikinsa yana fuskantar taga. A kansa akwai ƙarfen narka dalma, da gilashin ƙara girman abu wanda mariƙinsa ya karye aka ɗaure da waya, da wani farin ƙyalle da Umma take wanke masa duk mako tana mita. A kan ƙyallen nan yake jera sukurori yadda ya kwance su, daga hagu zuwa dama. Idan ya gama haɗa abu ya ga sukuru ɗaya ya yi saura, sai ya sake kwance shi gaba ɗaya, ko da mai abin yana tsaye yana duba agogo. In kuma abu yana aiki yana ɗaukewa, irin ciwon nan da yake haukata masu gyara, sai ya jona shi, ya kafa bakin sukudireba a jikin injin, ƙotarta a kunnensa, ya yi ta saurare. Kana gaggauta shi zai ce maka, "Bari ya gama magana."

Duk abin da ya shigo shagon sai ya sami hukunci kafin dalma ta taɓa shi. Baba yana yanka kwalin sabulu ƙanana-ƙanana, ya huda, ya zura zaren da yake roƙa wurin Tela maƙwabcinsa. A gaban kwalin ya rubuta ko dai "Da rai" ko kuma "Gawa". A bayansa ya rubuta ciwon da sunan mai abin. Mai rai yana hawa kantar sama ya jira layinsa. Gawa tana shiga ƙarƙashin tebur har mai ita ya zo ya ɗauka, kuma babu magiyar da take sa Baba ya canja kwali. Abin da ya hau kantar sama kuwa, da hannunsa zai gyara shi. Bai taɓa tura aiki wurin wani mai gyara ba, ko lokacin da ya yi wata biyu kwance da ciwon baya. Cewa ya yi masu kayan su jira, suka kuwa jira suna zaginsa.

Umma ce ta faɗa min inda ya samo wannan hali, don shi ba ya ba da labarin. Maigidan da ya koya masa aiki gwanin mari ne. Talabijin ta ƙi, a ba ta ɗaya a gefe, hoto ya dawo, a ce wa mai ita an gyara. Wata rana ɗaya daga cikin waɗanda aka gyara da mari ta kama da wuta a ɗakin wata mata, ta cinye labule da katifa, matar ta tsira da tabo tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Baba ne ya je ya ɗauko abin da ya rage na talabijin ɗin. Ya buɗe ya ga wayar da ta saki tana nan a sake, marin ya matso da ita ne kawai. A makon ya bar shagon maigidan. Har yanzu in ya ga mutum yana bubbuga rimot a tafin hannu sai ya kawar da kai.

Abu ɗaya ne ya taɓa sa shi rufe shago kafin lokaci, shi ne Jirgi, wani shirin talabijin na mako-mako. Shirin yana da sunansa mai tsawo, amma a gidanmu Jirgi kawai ake cewa. Labarin wani tsohon jirgin dakon kaya ne da yake yawo tsakanin duniyoyi a sararin samaniya, yana kai iri da magani da ruwa, babu bindiga ko ɗaya a jikinsa, kuma kullum wani abu a cikinsa a lalace. Akwai kyaftin mace mai faɗa, da likita, da wani mutum-mutumin ƙarfe mai lissafin hanya. Duk waɗannan haƙuri Baba yake yi da su. Wanda yake jira shi ne tsohon makanikin jirgin, mai kurman kunnen hagu, wanda da kyar ake nuna shi minti biyar a mako. Abokin Aiki yake ce masa. Tsohon yana ɗaukar sufana Baba zai matso bakin kujera ya ce, "To, mu gani." Shekara shida ana nuna shirin, sau ɗaya tak ya kama Abokin Aiki da kuskure, ranar da ya sa hannu a inji bai kashe wuta ba. Shi ma ya yafe masa, ya ce kyaftin ce ta hana shi barci.

Ni ce 'yarsa ta uku, kuma ni kaɗai na gaji ciwon. Fiyus yake ce min, wai saboda saurin ƙonewa, kuma ba zan yi musu ba. A ƙasa kusa da ƙafarsa na kalli Jirgi tun daga farko har ranar da aka daina shi. Na girma na zama ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti, ina rubuce-rubucena a ɓoye. Babu wanda ya sani sai Umma, ita ma don ta taɓa zuwa ta canja min rigar filo ta tarar da takardu a ciki.

Shekara goma sha ɗaya bayan an daina shirin, kamfanin da yake da shi ya tuna akwai irinmu a duniya. Suka sanar za su fitar da littafin gajerun labarai a kan Jirgi, kowa ya aiko nasa, za a zaɓi goma sha biyu. Ni a kan makanikin na rubuta. Injin da yake ba mutanen jirgi iska yana ɗaukewa na minti ɗaya kowace rana, sannan ya dawo da kansa. Kyaftin tana ta masifa, tsohon ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera sukurorinsa, ya zauna kwana uku da sukudireba a kunne yana ce mata ta bari ya gama magana. A rana ta uku ya gano tsaguwa a dalma, siririya kamar gashi, wadda take buɗewa idan jirgin ya juya wa rana baya ya yi sanyi. Ɗigon dalma ɗaya ya sa mata. Labarin ke nan, kuma ba sai na ce daga ina na kwaso shi ba.

Aka zaɓe shi. Kwana biyu bakina bai rufu ba, har na tsara yadda zan ajiye littafin a kan farin ƙyallen Baba in buɗe masa shafin. Sai editan littafin ya kira ni ina tsakiyar aiki, da kwalbar jinin wani a hannuna. Murya gare shi mai laushi, irin ta masu yi maka allura suna cewa ba zafi. Ya ce labarin ya yi kyau ƙwarai, sai dai babu mai ɗaukar littafi don ya ga tsoho a zaune kwana uku. Ya ce sun ɗan taɓa shafi huɗu na ƙarshe don abin ya yi zafi, ya karanta min. A sabon ƙarshen jiniya tana kuka, saura daƙiƙa goma iska ta ƙare, tsohon ya kurma ihu ya ɗaga ƙafa ya tokari injin, injin ya tashi, kowa ya hau tafi. Sannan tsohon ya buɗe hannu ya ga sukuru ɗaya ya yi saura, ya yi dariya ya jefar da shi ta bayan kafaɗa.

Ya ce in ban yarda ba babu komai, akwai na goma sha uku yana jira. Ni da ake ce wa Fiyus, ni da na taɓa korar likita daga ɗakin gwaji don ya yamutsa min kwalabe, ban yi minti ɗaya ba na ce masa to. Abin da na roƙa kawai a sa min sunan aro. Har yau in na tuna muryata a wayar nan, yadda na har yi masa godiya, ƙyamar kaina nake ji. Da aka aiko min kwafi biyu ban ko buɗe ba, na tura su ƙasan akwatin tsofaffin takalma. Na ce Baba ba ya shiga kantin littattafai, magana ta mutu. Ashe na manta da Tela.

Tela ya je sayen maɓallai, ya hangi littafin a teburin wani mai sayar da littattafai kusa da tasha. Shi bai taɓa kallon shirin ba, amma shekara shida Baba yana cika masa kunne, ya gane jirgin a bango. Ya sayo, ya kawo wa amininsa yana washe baki. Ni kuma kullum in na tashi daga aiki ta shagon nake biyowa in tabbatar Baba ya sha maganin hawan jininsa. Ranar ina shiga na ga littafin kwance a kan farin ƙyalle, daidai inda na taɓa niyyar ajiye shi.

Baba ya ɗaga shi da yatsa biyu. "Zo ki gani, Fiyus. Wane ne ya sa wa Jirgi bindiga?"

"Ai bango ne kawai, Baba."

"Wanda ya fara ƙarya tun daga bango, me kike jin zai yi a ciki?" Ya buɗe, gam ɗin ya yi ƙara, shafi ɗaya ya zame ya faɗo ƙasa. Ya sunsuni tsakiyar littafin ya yamutsa fuska. "Ko gam ɗin ma na algus ne."

Na ɗauka jefarwa zai yi, har na fara samun numfashi. Sai ya ƙirga labaran, ya jawo kwalin sabulu, ya yanka guda goma sha biyu, ya ce wa Tela ya kawo zare. Kullum ɗaya zai karanta, da rana idan aiki ya lafa, kuma da ƙarfi don Tela ya ji abin da ya sayo. Na leƙa shafin farko na duba jerin. Nawa ne na tara.

Labarin farko kyaftin ta harbe jiragen abokan gaba har huɗu. Baba ya ce, "Shekara shida matar nan tana fita daga masifa da bakinta da hankalinta. Wannan ya zo a shafi uku ya ba ta igwa." Ya rubuta Gawa, ya maƙala kwalin a shafin. Na biyu ya dawo da likitan jirgin. "Likitan da muka binne a shekara ta huɗu, ni da kaina na kasa cin abinci ranar, ga shi nan yana soyayya da kyaftin, ko sannu da dawowa babu wanda ya ce masa." A na uku makanikin ya kara waya a kunnen hagu yana ta hira. Baba ya cire tabarau, ya ce wanda ya rubuta wannan bai kalli shirin ba, a mota aka ba shi labari.

Na biyar ne ya kusa kashe shi. Marubucin yana da tsohon labarinsa na jirgin ruwa ne, ya canja sunaye ya aika, ya manta bai share ko'ina ba. A wani wuri ruwa ya fantsamo wa kyaftin a fuska ta taga.

Tela, wanda yake ɗinka bakin wando a kujerar ƙofa, ya ce, "Wataƙila ruwan sama ne."

"Wane ruwan sama, Tela? Sun wuce saman. Kuma wace tagar ce take buɗe? In ta buɗe ai duk sun mutu."

"To ni dai ban je ba."

"Shi ma bai je ba. Amma kai ba ka rubuta littafi ba."

Sauran ban ma son tunawa. Ɗaya a ƙarshe ashe duk mafarki ne. Wani kuma mutum-mutumin ƙarfen ne ya fashe da kuka, baƙin mai yana zubo masa a kumatu, Baba ya ce wannan ba kuka ba ne, yoyo ne, a duba masa roba. Abin da ya fi ci min rai shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na ciro kwafina daga cikin takalma na karanta su, na ga kayan da aka zuba ni a ciki, aikin ha'inci daga bango zuwa bango, na mutanen da suka san masu son shirin za su ɗauka ko me aka cusa. Da ba nawa a ciki, da ni zan riƙe masa kwalin yana rubutawa.

A gida ma bai bar mu mun huta ba. Ana cin abinci yana jan tsaki. Umma ta ce, "To ka bar karantawa mana, dole ne?" Ya ce abu ya shigo shagonsa, sai ya ba shi hukunci. Can ya ajiye cokali ya ce, "Kin san me suka yi? Gidan Abokin Aiki suka shiga ba ya nan, suka zauna a kujerarsa, suka sa kayansa, suna kwaikwayon muryarsa." Ba faɗa a muryar, ɓacin rai ne zalla, kuma ni ce na fi kowa sanin na tara ya fi duk waɗannan muni. A sauran labaran Abokin Aiki aka ci wa mutunci. Nawa kuwa Baba ne da kansa a ciki, da ƙyallensa da maganarsa, aka sa shi ya tokari inji ya jefar da sukuru.

Umma ta same ni a wurin wanke kwanuka ta ce, "Ki faɗa masa kafin ya iso wurin." Na ce to, na kasa. A rana ta bakwai har na yi niyyar sace littafin, sai na tarar a aljihun teburin da yake kullewa yake ajiye shi, wai kada wani mai hankali ya gani ya ɗauka nasa ne.

Rana ta tara na makara da gangan, ina fatan in tarar an gama. Na tarar da su a zaune, littafin a rufe, kwalin a gefensa ba a rubuta komai ba. Baba ya miƙo min.

"Idona ya gaji yau, Fiyus. Karanta mana."

Na zauna a kan wata tsohuwar talabijin na fara. Kalmomin nawa ne, na san inda kowace take, suka ɗauke ni. Na karanta inda tsohon ya shimfiɗa ƙyalle, inda ya jera sukurori daga hagu zuwa dama, inda ya kafa sukudireba a kunnen dama. Da na zo inda ya ce wa kyaftin ta bari ya gama magana, Tela ya ɗago ya kalli Baba ya yi dariya, ya ce ashe akwai irinsa har a sama. Baba kuwa idonsa a rufe, kansa a karkace kaɗan, yadda yake yi in yana sauraron inji. Babu tsaki ko ɗaya, karo na farko a kwana tara.

Na juya shafi, jiniya ta fara kuka. Ban yi layi uku ba ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Nan wani ya sa hannu."

Na dakata.

"Dalmar ta canja," ya ce wa Tela. "In an kawo min rediyon da wani ya buɗe, tun kafin in taɓa nake ganewa. Daga nan zuwa baya mutum ɗaya ne. Daga nan zuwa gaba wani ne daban, wanda bai taɓa riƙe sukudireba ba. Ci gaba."

"Baba, ko mu bar shi haka?"

"Ci gaba."

Na karanta masa ihun. Na karanta masa tokarin, da tafin, da sukurun da aka jefar ta bayan kafaɗa, da bakina, a shagonsa, ƙyallen yana gabana. Ina kaiwa ƙarshe Tela ya ajiye wando ya buga cinya.

"Yauwa, wannan shi ne labari. Ka ga yadda ya ba shi ƙafa ya tashi? Duk cikin littafin wannan kaɗai na ji daɗinsa."

Baba ya yi masa wani kallo da ban taɓa ganin ya yi wa ɗan Adam ba. Allah ya taimaki Tela wata mata ta leƙo tana neman ɗinkinta, ya fita yana ta dariyar tokarin. Muka rage mu biyu. Baba ya ɗauki kwalin yana juya shi a hannu.

"Sun tambaye ki kafin su sa hannu?"

Ban yi mamaki ba, kuma ban ga amfanin ƙarya ba. "Sun tambaye ni, Baba."

"Kika ce me?"

"Na ce to."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Takwas ɗin nan da suka wuce, jahilci ne, ba su sani ba. Mutum ba ya jin haushin jahili ya daɗe. Wannan ya sani. Ya san inda ciwon yake, ya san ɗigon dalma ɗaya ne, ya tsaya yana kallo aka yi mari, ya ce a kai wa mai shi an gyara." Ya mayar da littafin aljihun tebur ya kulle. "Duk cikin littafin nan babu wanda ya tayar min da zuciya irin wannan."

Bai rubuta komai a kwalin ba. Ya ce in miƙo masa maganinsa, na miƙa, ya sha, na fito. Ban yi kuka a titi ba sai da na shiga motar haya, kusa da wata mata mai buhun albasa, wadda ta ba ni haƙuri ta ce laifin kayanta ne.

Kwana uku ban bi ta shagon ba. Umma nake kira in tambaya ko ya sha magani. Ita ta faɗa min ya gama sauran ukun, na ƙarshen ma shafukansa biyu a maimaice suke, biyu babu, kuma ya ce wannan ne kaɗai alherin da masu buga littafin suka yi wa mai karatu. Game da nawa bai ce mata komai ba. Ni dai na san hukuncin, don na shekara talatin ina ganin inda abin da aka ha'inta yake zuwa a shagon nan.

Rana ta huɗu na daure na je, don in ban je ba ba zan ƙara iya zuwa ba. Yana sunkuye a kan wata fanka, bai ɗago ba. Na gaishe shi ya amsa. Idona ya tafi ƙarƙashin tebur, ga littafin can tsakanin wani ƙonannen dutsen guga da buta mai huda, kwalaye suna reto a jikinsa, kowanne Gawa. Na tsuguna na ƙirga su, ban san me ya sa ba. Goma sha ɗaya ne. Littafin kuma ya rame a tsakiya.

Na ɗaga kai. A kantar sama, tsakanin wata fanka da talabijin ƙarama, ga shafuka an yanko su da reza tsaf, an huda gefe an ɗinke da zaren Tela. Kwalin yana cewa Da rai. Na juya bayansa. A wurin ciwo ya rubuta, "Shafi huɗu na ƙarshe, wani ya sa hannu." A wurin sunan mai abu ya rubuta Fiyus.

"Sauko da shi," ya ce, har yanzu idonsa yana kan fanka. "Na duba, ni ba ni da kayan aikinsa. Ki tafi da shi ki cire na mutumin nan ki mayar da naki. Kuma ba mayarwa kawai za ki yi ba, ki sake duba shafi na uku, kin sa shi ya kwance murfi bai kashe wuta ba."

Na duba a tsaye. Gaskiyarsa ne, kuma wannan ba edita ba ne, ni ce.

"Ranar Laraba nake son sa."

Na tsaya da takardun a hannu ina kallon ƙeyarsa, gashin duk ya yi fari. Shekara arba'in da 'yan kai, har da wata biyun da ya yi kwance, babu abin da ya taɓa saukowa daga kantar nan ya tafi hannun wani mai gyara. Na ce Laraba ta yi kusa.

"Ni kuma masu kaya ce min suke yi ta yi nisa," ya ce. "Matsa, kin tare min haske."